Tsohuwar kwamfutar tebur: a ƙara mata kaya ko a sayi wata?

Kwamfutar da nake aiki da ita a shagon buga takardu Dell OptiPlex ce mai Core i5 ƙarni na huɗu, irin waɗanda suka fito wajajen 2013. Bara ta kai matsayin da in na kunna ta da safe, sai in share shago, in yayyafa ruwa a bakin ƙofa, in dawo in tarar ba ta gama tashi ba. Maƙwabcina ya ce, "Malam, wannan ta gaji, ka rabu da ita kawai." Ban rabu da ita ba, kuma da ita nake rubuta wannan.

Hanya uku ce a gaban mai irin wannan na'ura: ya ƙara mata kaya, ya sayi ta hannu wadda ta fi ta, ko ya sayi sabuwa dal a kwali. Sabuwa dai, in aikinka Word ne da Excel da shiga intanet, kuɗi ne za ka zuba a kan ƙarfin da ba za ka taɓa amfani da shi ba.

Ni ina bayan ƙarin kaya, musamman SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya. Mafi yawan tsofaffin kwamfutocin da ake cewa sun gaji, ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take, faifan ajiyarsu ne ke jan ƙafa. Buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna aikin da kowane sashe ke yi, ka duba: in ka ga Disk ya tsaya cak a 100% alhali CPU, wato ƙwaƙwalwar, na hutawa, ka kama ɓarawon. Tsohon faifai na HDD faranti ne ke juyawa a ciki, allura na bin sa tana neman bayani, kuma da ƙyar yake wuce megabayit 150 a daƙiƙa. SSD mai SATA yana kai 500 da ɗoriya, babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma wayar tsohon faifan ita za ka soka masa. Ranar da na sa wa tawa, na ɗora Windows sabo, ta tashi kafin in gama gyara zama a kujera. Na ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, daga 4GB zuwa 8GB, na hure ƙurar hunturun da ta toshe fanka har ta zama kamar auduga, na canza ɗan batirin CR2032 da ya sa agogonta ke ɓata kullum. Shi ke nan. Sai dai ka lura, RAM na DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. Cire na ciki ka tafi da shi kasuwa, ka huta da gardama.

Akwai inda ƙarin kaya ba ya kai mutum. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman ɗan guntun tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel ƙarni na takwas zuwa sama. Tawa ba ta cika sharaɗin ba. Wanda ke shiga asusun banki ko yake riƙe bayanan jama'a a kwamfutarsa, ko dai ya koma Linux Mint, wani tsarin da ake ɗorawa a madadin Windows, ko ya nemi ta hannu ƙarni na takwas, irin OptiPlex ko HP EliteDesk da ofisoshin Turai da Amurka ke sallamarwa. Haka ma in babban allon ciki ne ya ƙone, kar ka bi shi da kuɗi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. SSD ɗin farko da na saya jabu ne. A wani shago na same shi, an rubuta 1TB a jikinsa, farashinsa kuma ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna. Kwamfuta ta nuna 1TB ɗin kuwa. Bayan 'yan makonni wata ɗaliba ta zo karɓar aikin kammala karatunta da na kwana biyu ina bugawa. Na danna fayil ya ƙi buɗewa, na gaba ma haka. Tana tsaye tana cewa, "Baba, jibi fa zan miƙa." Har yau in na tuna fuskarta raina na ɓaci. Da mai gyara ya ɓalle murfin, ɗan guntun allo ne a ciki. An yi wa faifan dabara ne ya riƙa faɗin girman ƙarya, da ainihin wurin ya cika sai sabon abu ya hau kan tsoho ya shafe shi.

Don haka kar ka ɗora komai a kan sabon faifai sai ka gwada shi da H2testw. Manhaja ce ta kyauta, tana cika faifan da bayanai sannan ta karanta su, ta faɗa maka girmansa na gaskiya. Tana cin awanni, ka yi haƙuri da ita. CrystalDiskInfo kuma na nuna awannin da faifai ya yi yana aiki, ta nan za ka gane tsoho da aka sa wa sabuwar leda, ko da yake wasu har wannan lissafin suna gogewa.

Masu sayar da na hannu ma da nasu salon. Za a nuna maka tambarin i7 a goshin akwati a ce, "Alhaji, wannan babba ce." Tambari kowa na iya mannawa. Sa a kunna a gabanka, ka karanta lambar da ke bayan sunan: i7-2600 ta 2011 ce, i5-8500 kuwa ta 2018 ce, ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke ɗaukar Windows 11. Ka sa a buɗe akwatin ka ga RAM da idonka, ka shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna wajen akwatin wuta. In mai shago ya ce ba a buɗewa, ko ya ce babu wuta alhali janareto na kuka a bayansa, yi masa sallama. In kun daidaita, a rubuta lambar jikin kayan a rasit, da kwanakin da aka yarda za ka iya dawowa da shi.