Inda Ya Kamata a Ajiye Makunnin Wijet a Manhajar Intanet

Kafin manhaja ta nuna wani wijet, kamar akwatin bincike ko kalanda a gefen shafi, dole ne ta tabbatar ko an kunna shi, kuma wurin da za a ajiye amsar shi ne ainihin abin da ake zaɓa.

Fayil ɗin saituna ne mafi sauƙi, ba ya cin kuɗi, sai dai galibi duk sauyi yana bukatar a sake tayar da manhajar. Ya ishi wijet ɗin da ba a cika taɓawa ba.

Idan ma'aikacin da bai iya rubuta manhaja ba ne zai riƙa kunnawa da kashewa, rumbun bayanai ya fi dacewa, muddin ana riƙe amsar na ɗan lokaci don kada kowace buɗe shafi ta zama sabuwar tambaya ga rumbun. Masu amfani da WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, suna da umarnin is_active_widget() a shirye, wanda ke duba ko an kunna wijet, amma su lura cewa tun daga sigar 5.8 ta shekarar 2021 wijet ɗin da aka gina da bulok (sabon tsarin haɗa shafi gunki-gunki) duk suna ɗauke da sunan tushe ɗaya, wato sunan da ake gane nau'in wijet da shi, saboda haka wannan umarni ba ya bambanta su yadda yake bambanta tsofaffin.

Kayan aiki na musamman na kunnawa da kashewa kuwa suna ba da abin da hanyoyin nan biyu ba sa bayarwa cikin sauƙi, wato a kunna wa kashi 5 cikin ɗari na masu amfani, a ga yadda abin ya kaya, sannan a faɗaɗa. Daga cikin irin waɗannan kayan aiki, LaunchDarkly kamfani ne ke gudanar da shi, yayin da Unleash da Flagsmith buɗaɗɗu ne da mutum zai iya ɗorawa a sabarsa, ya ɗauki nauyin kula da su. A ganina, ƙaramar manhaja mai wijet uku ko huɗu ba ta bukatar ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ke gudun ɗaure kansa ga kamfani ɗaya zai iya bi ta ƙa'idar OpenFeature, wadda ke sauƙaƙa sauya mai samar da hidimar.

Kowace hanya aka ɗauka, a yanke tun farko abin da manhajar za ta yi idan amsa ba ta zo ba, kuma ga sabon wijet ɗaukarsa a kashe ya fi aminci. A riƙa duba ko an kunna wijet a sabar ma, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, domin abin da aka ɓoye a burauza kaɗai, mai amfani na iya fito da shi.