NPTL a glibc: sigina ta yi kyau, soke zare kuwa sai da taka-tsantsan

NPTL, laburaren zare (thread, wato reshen aiki a cikin shiri guda) na glibc, laburaren C na GNU, ya maye gurbin LinuxThreads a zamanin Linux 2.6 da ya fito a 2003. Ulrich Drepper da Ingo Molnar ne suka rubuta shi a Red Hat. A tsohon tsarin kowane zare yana da lambar PID (lambar shaidar shiri) tasa, don haka sigina (saƙon da ke katse shiri) da aka aika wa shiri ba ta bin ƙa'idar POSIX ta tsarukan Unix. NPTL ya gyara wannan, kuma a ɓangaren sigina ba shi da wani aibi babba.

Aikin da ke tarbar sigina na shirin duka ne, amma kowane zare da jerin siginonin da ya toshe. Sabon zare yana gadon jerin wanda ya haife shi. Saboda haka dabarar da ta fi aminci ita ce a toshe SIGINT da SIGTERM (siginonin neman shiri ya tsaya) ta hanyar pthread_sigmask tun a main kafin a buɗe zare ko ɗaya, sannan a ware zare guda yana jira da sigwait. Wanda ya toshe bayan ya buɗe zaruruwa, siginar za ta faɗa kan wanda bai toshe ba. SIGSEGV kuwa, siginar taɓa ma'ajiyar da ba a halatta ba, tana sauka ne kan zaren da ya yi ɓarnar. A kuma sani cewa laburaren ya riƙe sigina 32 da 33 don amfanin kansa, ɗaya ta soke zare, ɗaya ta yaɗa setuid (sauya lambar mai amfani) ga duk zaruruwa. Shi ya sa SIGRTMIN, siginar real-time ta farko da aka bar wa shiri, ke zama 34, kada a rubuta lambar da hannu.

Inda gizo ke saƙar shi ne pthread_cancel, aikin da ke soke zare. A tsarin asali zaren ba ya mutuwa sai ya kai wurin da aka halatta, kamar read, sleep ko pthread_cond_wait. pthread_mutex_lock, mai kama makulli (mutex), ba ya cikinsu, zaren da ya maƙale a can ba zai amsa ba. Wanda aka soke yana cikin pthread_cond_wait kuma sai ya sake kama makullin tukuna. Idan ba a ajiye pthread_cleanup_push da zai sake shi ba, zaren ya tafi da makulli, sauran su yi ta jira.

A C++ abin ya fi muni. glibc na soke zare ta hanyar warware stak (jerin ayyukan da zaren ke ciki), don haka catch(...) da bai sake jefa abin da ya kama ba yana kashe shirin gaba ɗaya. Ana kuma buƙatar libgcc_s.so.1 a lokacin gudu, abin da kan ɓace a ƙananan kwantena.

Shekara da shekaru akwai tsere (race condition) a cikin sokewar: open kan yi nasarar buɗe fayil, sokewa ta riski zaren kafin ya adana lambar fayil, lambar ta ɓata a buɗe. musl, wani laburaren C na daban, ya kauce wa wannan ta duba daidai inda zaren yake lokacin da sigina ta iso, glibc bai bi wannan hanya ba sai a 2.41.

PTHREAD_CANCEL_ASYNCHRONOUS kuwa, mai soke zare a kowane lokaci, a bar shi sai ga madaukin lissafi zalla, domin ayyuka uku kawai POSIX ya lamunce a wannan yanayi. Bionic, laburaren C na Android, ma ba shi da pthread_cancel sam. Shirin da ake son ya yi aiki a Linux da Android duka gara ya tsayar da zare da tuta ta atomic haɗe da eventfd (lambar fayil ta sanarwa) da poll ke sa ido a kai.