Samaru ko Kabuga: abin da na gani bayan na zauna a jami'o'in biyu

Daga gidanmu zuwa ƙofar tsohuwar Jami'ar Bayero da ke wajen Kabuga a Kano bai fi tafiyar minti ashirin a ƙafa ba. Tun ina firamare nake wuce katangarta, yayata ma a can ta yi karatu, don haka kowa a gida ya riga ya ɗauka nan zan shiga. Ranar da na dawo daga shagon cike fom ɗin JAMB na miƙa wa Abba takardar, ya ga na sa Jami'ar Ahmadu Bello a zaɓin farko, sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Kai yanzu ga jami'a a bakin ƙofarka, sai ka tsallake ta ka tafi Zariya? Me aka ajiye maka a can?"

Na ce, "Abba, tarihi nake son karantawa, kuma sashensu na can ya yi suna."

Ban yi masa ƙarya ba, amma rabin gaskiyar na faɗa. Ɗaya rabin shi ne shagonsa na atamfa a Kantin Kwari. Ni ne babba a maza, kuma na san halina, ba na iya cewa a'a. In ina kwana a gida, duk ranar da aka sauke kaya ni za a kira, duk bikin dangi ni ne direba, duk gaisuwar mutuwa da ni za a je. Karatun sai ya zama abin da ake yi in an samu sarari. Umma ce ta gano ni tun kafin in buɗe baki, ita ce kuma ta lallashe shi.

Yanzu na gama digirin farko a Zariya, na dawo ina digiri na biyu a Bayero, shi ya sa nake ganin ina da bakin yin magana a kan su biyun. Da farko ma dai 'yan gida ɗaya ne. An buɗe ta Zariya, wadda ke Samaru, a watan Oktoba na 1962, Sardauna ne shugabanta na girmamawa na farko. Ita kuwa ta Kano ta fara ne a 1960 a matsayin kwaleji a harabar Makarantar Koyon Larabci, daga baya ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Zariya, ba ta tsaya da ƙafarta a matsayin cikakkiyar jami'a ba sai 1977, da Dokta Mahmud Tukur a matsayin shugabanta na farko. Mutanen Samaru ba sa gajiya da tuna wa na Kano wannan, kamar yadda yaya ke tuna wa ƙani cewa shi ya goya shi.

Abin da ya fara buge ni a Samaru shi ne gari ne mai zaman kansa. In ka sauka a Kwangila ka hau motar Samaru ka shiga babbar ƙofa, kana iya yin wata guda ba ka fito ba, kuma ba ka rasa komai ba: masallaci, coci, banki, masu abinci, masu ɗinki, masu gyaran waya, filin ƙwallo. Dare ba ya kashe wurin. Ƙarfe goma sha ɗaya za ka tarar da azuzuwa cike da masu karatu, a waje kuma mai shayi yana ta kaɗa ƙwai, ana musu a kan siyasa da ƙwallon Turai. Wannan musun shi ne makarantata ta biyu.

A ɗakinmu na hostal a shekarar farko akwai Batibe daga Binuwai, da Bayarabe daga Ilori, da wani ɗan Bauchi da ba ya magana sai in an taɓa Tafawa Ɓalewa. Ni kuwa, duk da na tashi a Kano mai tara kowa da kowa, ban taɓa kwana ɗaki ɗaya da wanda ba Musulmi ba. Makon farko a takure nake. Sai wata asuba cikin hunturu, irin sanyin Samaru da ke shiga har ƙashi, na makara, na ji ana taɓa ƙafata. Batiben nan ne, yana lulluɓe da bargo har ka, yana ce min da gurguwar Hausarsa, "Malam, an kira salla." Ya koma ya kwanta abinsa. Daga ranar, in Lahadi ta zo ni nake tsare masa tukunyar wakensa a kan risho har ya dawo daga coci. Ba wanda ya shirya mana taron fahimtar juna. Tukunya ɗaya da bokiti ɗaya suka yi aikin.

Turancina ma a nan ya miƙe, ba don lakca ba, don dole. A sakandare ina cin jarrabawar Turanci amma in aka ce in tashi in yi magana sai harshena ya ɗaure. A Samaru in ba ka yi ba, ba za ka karɓi aron littafi a hannun rabin 'yan ajinku ba.

Sashen Tarihi kuwa bai ba ni kunya ba. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith ne ya aza harsashinsa, shi ne kuma ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna, inda ake ajiye takardun tarihin Arewa. Dokta Yusufu Bala Usman ya rasu tun 2005, amma har yanzu inuwarsa na nan a sashen. Ɗabi'ar da aka gada daga gare su ita ce kada ka yarda da magana don babba ne ya faɗe ta, ko don a littafin Bature ka gan ta. Wa ya rubuta, yaushe, don wa, me yake nema? Na taɓa kawo wani labarin kafuwar gari da na ji tun ina yaro a cikin aikin gida, na rubuta shi kamar aya. Malamin ya ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro ya rubuta kalma biyu kacal a gefe, ma'anarsu: in ji wa? Kwana uku na yi a Laburaren Kashim Ibrahim ina neman amsar, kuma har yau ban daina yi wa kaina wannan tambayar ba, har a hirar majalisa, abin da ya sa abokaina suke ce min na fiye gardama.

Ba zan ɓoye ba, akwai farashin da na biya. Kuɗin abinci da na mota sun fi abin da Abba zai kashe in ina gida nesa ba kusa ba. Kewar gida ta dame ni a semista ta farko har na rame. Kuma 'yancin da na je nema ya kusa kayar da ni, domin ba mai tambayar ka ina ka kwana, ba mai cewa tashi ka tafi aji. A shekara ta biyu na biye wa hira da kallon ƙwallo, sakamakona ya yi ƙasa, laifin kuma nawa ne ni kaɗai. Na san waɗanda wannan sakin ya tafi da su gaba ɗaya.

Abin da ya tabbatar min ban yi kuskure ba shi ne 2020, da korona da yajin aikin malaman jami'a suka haɗu aka zauna a gida kusan shekara. Na taho Kano da jaka cike da littattafai da niyyar in cinye su. Da aka buɗe kasuwa sai na koma shago "na kwana biyu". Har aka koma makaranta ban buɗe ko ɗaya ba, amma na iya bambance atamfa da taɓawa ido a rufe. Haka aka maimaita a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Bayero kuwa numfashinta daban ne, kuma sai da na shiga na daina yi mata kallon raini irin na ɗan Samaru. Jami'a ce da ke cikin garinta. Da yawan ɗalibai daga gida suke zuwa, a adaidaita sahu ko a bas, wasu su yi lakcar safe a tsohuwar jami'a su kama hanyar Gwarzo zuwa sabuwa, da yamma kowa ya nufi unguwarsu. A ajinmu akwai malamin makaranta, akwai ma'aikacin rediyo, akwai mai shago a Sabon Gari, akwai uwar 'ya'ya huɗu da ke duba agogo saboda ɗauko yara daga Islamiyya. Hausa ake yi a baranda ba tare da kowa ya ji wani iri ba, shiga kuma ta kamala ce, yadda iyaye da yawa ke samun kwanciyar hankalin barin 'ya'yansu mata. Yayata ta yi aure tana aji biyu, ta haihu tana aji uku, ta kuma gama da sakamako mai kyau. A Zariya da wuya hakan ta yiwu mata, domin Umma ce ke riƙe mata jaririn.

Ga mai nazarin Kano kuma, garin kansa laburare ne. Gidan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, yana hannun jami'ar a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Ka fito daga lakca a kan fatauci, ka hau adaidaita zuwa Kurmi ka zauna da dattijon da kakansa ya yi fataucin goro zuwa Gwanja. Binciken da nake yi yanzu a kan 'yan kasuwar tufafi ne, kuma, abin dariya, shagon da na gudar wa shi ne ya buɗe min ƙofofin da takardar gabatarwa ba za ta buɗe ba. Abba da kansa yake kai ni wurin tsofaffin abokansa, yana cewa, "Ga ɗan naku, wai tarihinku yake rubutawa."

Bana ƙanina zai cike nasa fom ɗin, ya zo yana tambaya ta wacce zai sa. Shi ba irina ba ne. Yana iya kulle ɗaki ya kashe waya ana biki a tsakar gida, amma in ya kwana biyu bai ci tuwon Umma ba sai ya kwanta ciwo. Na tambaye shi, in Abba ya kira shi ranar jarrabawa ya ce an sauke kaya, me zai ce? Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Sai in ce masa ina da jarrabawa mana, Yaya."

Na ce ya sa Bayero.