Kafin ka bar kifin ado a gida lokacin hunturu, ga abin da za ka fara saya

Disamba watan tafiye-tafiye ne. Makarantu sun yi hutu, ga bukukuwan aure a jere, ga masu zuwa gida Kirsimeti. Mai tankin kifi a falo yakan fita da zullumin wa zai ba su abinci, alhali babban kifi mai lafiya yana iya yin mako guda bai ci komai ba kuma ya tashi garau. Abin da ke kashe su shi ne a ɗauke wuta. Filta ta tsaya, ruwa ya daina motsi, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Bakteriya masu amfani da ke cikin soson filta, masu cinye amoniyar da ke fitowa daga kashin kifi, su ma iska suke bukata. In suka mutu, ko wuta ta dawo ruwan ya zama guba.

Don haka kuɗinka na farko ya tafi kan famfon iska mai batir a ciki, wanda ake rubuta AC/DC a kwalinsa. In da wuta yana aiki yana caji, ana ɗaukewa ya koma batir da kansa, ba sai wani ya danna komai ba. Wannan kaɗai ya sa na fifita shi. Kamfanonin Sin irin su Sobo da Resun suna yin sa. Nemi mai maɓallin da ke sa ya hura na ɗan lokaci ya huta, domin haka batir ya fi daɗewa. Haɗa shi da filtar soso maimakon dutsen kumfa kawai, sai ya zama iska da tacewa duk suna tafiya a cikin duhu. Ka ɗora shi sama da bakin ruwa, ko ka sa ɗan bawul ɗin nan mai hana ruwa komawa a jikin tiyo, in ba haka ba ranar da ya mutu ruwa ya biyo tiyo ya malale kan kafet.

Famfo mai manyan batura biyu sai an kunna shi da hannu, bai da amfani ga gidan da ba kowa. Na USB da fawa banki yana da arha, amma fawa banki da yawa suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Inbata kuwa, in kana da ita to, amma ba wanda zai saya don ƙananan kifaye irin gofi.

Inda ake cutar mutane shi ne batir. Na taɓa sayen famfo a wani shago, mai shagon yana rantsuwa zai kwana yana aiki, ko sallar isha'i bai kai ba daga magariba. Da aka buɗe, batirin ciki sakayau kamar kara. Yawancinsu nau'in 18650 ne, kuma na gaske ba ya wuce wajen 3500mAh. Ka ga an buga 9900mAh a jikin guda ɗaya, ƙarya ce tsagwaronta. Ɗaga famfon ka ji nauyinsa. Ka ce a jona shi a shago, a zare a gabanka, ka ga ya ci gaba ko ya yi shiru. Duba rubutun kwali, jabu yakan zo da harufa a karkace da launi a koɗe. Kayan gwanjo daga Amurka kuma na bolt 110 ne, namu 230, kana jonawa ya ƙone. Kada ka yarda da "Alhaji ai sabo ne fil, ba a buɗewa." A gida ma ka cika shi da caji, ka zare, ka duba agogo tun kafin ranar tafiya.

Sai hita, wato na'urar ɗumama ruwa. Kifaye irin su gofi da moli da beta suna son ruwa mai digiri 24 zuwa 27, daren Janairu a Kano kuwa yakan sauko wajen 13, Jos ta fi haka sanyi. Lissafin shi ne kusan wat ɗaya ga kowace lita. Hitar Eheim ta Jamus tana da tsada amma ba ta cika maƙalewa a kunne ba, wanda shi ne aibin masu arha, su dafa kifi. Mai kifin zinare ba ya bukatarta.

Dunƙulen abincin hutu da ake jefawa a ruwa yana gurɓata shi, bar shi a shago. Na'urar zuba abinci ta dace da tafiyar da ta wuce mako. In maƙwabciya za ta leƙa, ƙulla abincin kowace rana daban ka ɓoye gwangwanin, ka ce, "Hajiya, don Allah ƙulli ɗaya kawai, ko sun yi ta buɗe baki."

Canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kwana uku kafin ka tashi, kada ka wanke soso ranar, sannan ka rufe tankin da murfi saboda ƙura da bushewar iska da ke shanye ruwa.