"We are neutral" ko "We condemn violence": wacce ta dace da takardar ƙungiya?

Ɗan'uwa, a takardar da ƙungiyarku za ta fitar kafin zaɓe, ku rubuta "We condemn all acts of violence", wato muna tir da duk wani aikin tashin hankali. Ita muka sa a tamu ta matasan unguwa, aka buga a ƙyalle, aka rataye a katangar firamaren da ake jefa ƙuri'a. Mai unguwa ya sa aka fassara masa, ya ce a kira shugabannin matasan jam'iyyu biyu masu hamayya da juna. Duka suka sa hannu ba gardama, domin jimlar ta yi tir da aikin ne, ba ta kama sunan kowa ba. Tafarkin da aka bi ke nan a Abuja a Janairun 2015, lokacin da Jonathan da Buhari suka sa hannu kan yarjejeniyar gujewa tashin hankali, alhali kowa na nan a jam'iyyarsa.

Ku kula da nahawun. "Condemn" ba ta ɗaukar "against", kai tsaye take hawa kan abin da ake tir da shi. "Violence" ba ta da jam'i, babu "violences", shi ya sa ake cewa "acts of violence". In kun fi son "opposed", to dole "to" ta biyo baya, aikatau kuma ya ɗauki "-ing": "opposed to using force".

Ita kuwa "We are neutral", ba laifi, amma ba nan ne wurinta ba. Ta dace da irin su Red Cross, wadda ta sa rashin ɗaukar ɓangare cikin ƙa'idojinta bakwai a 1965 don ta iya kaiwa ga masu rauni ta kowane gefe. In kuka ajiye ta ita kaɗai bayan an ƙona wa mutum shago, zai ɗauka ba ruwanku ne. In nufinku ba ku da jam'iyya, ku ce "We are non-partisan", sannan jimlar tir ta biyo baya.

Sai a yi hattara da wasu masu shagon kwamfuta da ke karɓar kuɗin "tsara takarda". Kwafowa suke yi daga intanet, har na ga wadda aka bar sunan wata ƙungiya a ƙasanta. Ku rubuta da kanku, ku ba malamin Turanci na sakandare ya duba kafin a kai bugu.