Ɗumama ido da man kwanciya: abin da ya yi mini aiki a hunturun bana

A hunturu ba leɓe da diddige kaɗai ke tsagewa ba, ido ma yana shan nasa. Ni ɗinki nake yi a Kano, yawanci aikin duwatsu na kayan amare, idona na kan allura tun safe, da dare kuma ga waya ana amsa saƙon masu kaya. Da hazo ya sauko a watan Nuwamba sai na koma farkawa da asuba ido a manne, da tsakuwa-tsakuwa a ciki, fatar saman idon ta yi baƙi tana ɓarewa. Da rana kuwa hawaye ke zuba, har ina ɗaga gilashi ina sharewa a gaban mutane.

A asibitin ido likita ta ɗiga mini wani ruwa mai launin rawaya, ta haska da na'ura, ta ɗan matsa bakin fatar idon da tsinken auduga. Ta ce, "Hajiya, hawayenki ba ƙarewa suka yi ba, zama ne ba sa yi." Bayaninta shi ne hawayen da ke lulluɓe ido ba ruwa zalla ba ne, akwai siririn mai a samansa da ke hana shi bushewa. Man yana fitowa daga wasu ƙananan kafofi da ke jere a bakin fatar ido, daf da tushen gashin ido, wajen 30 a sama, ɗan ƙasa da haka a ƙasa. Idan man ya yi kauri ya toshe kafofin, ruwan sai ya bi iska, idon ya ji raɗaɗi, ya yi ta kwararo hawaye marasa riƙo. Ta rubuta mini tsarin da zan bi kowane dare. Na sayi kaya iri-iri a kai, kuma tun yanzu zan faɗa: abin ɗumama ido da man kwanciya, wato man da ake sawa cikin ido in za a yi barci, su suka ci kuɗinsu, sauran akwai magana.

Abin ɗumamar wani ƙyalle ne mai laushi da ake ɗaurawa a ido. Iri biyu na gani. Akwai mai ƙwayoyi a ciki wanda ake ɗumamawa a na'urar ɗumama abinci, akwai kuma mai wayar jona wuta irin ta cajin waya. Na ɗauki na biyun saboda yana aiki da fawa bank, ko an ɗauke wuta ba ruwana. Zafin da ake nema wajen digiri 40 ne, na kamar minti 10, kuma sirrin yana cikin ɗorewar zafin. Man da ya toshe kafofin kamar man shanu ne da ya daskare da sanyin safiya, ɗumi na minti ɗaya ba ya narkar da shi. Kafin abin ya iso na yi ta yi da ƙaramin tawul da ruwan filas, kuma yana yi, sai dai cikin minti biyu ya huce, sai ka sake tsomawa, ka matse, ka mayar. Wadda ba ta da halin saye kada ta fasa, tawul mai tsabta ya isa idan za ta jure tsomawar. Amma a gajiye bayan sallar isha, gaskiya na'urar ce ta sa ban yi fashi ba.

Tana da matakan zafi, kuma tana kashe kanta idan lokaci ya cika. Na tsakiya nake sawa, na ƙarshen ya yi wa fatar ido yawa, ita ce mafi siranta a duk fatar jiki. Ina fara ɗora shi a bayan hannuna tukuna. Aibinsa biyu ne. Wayar gajeriya ce, dole fawa bank ɗin ya kwanta kusa da kunnena. Rigar ƙyallen kuma tana saurin yin maiƙo, in ba a cire ta ana wankewa ba, kai da kanka za ka riƙa mayar wa ido datti. Ba a barci da shi, kuma ba a aron sa, ko tsakanin 'yan ɗaki ɗaya.

Ina cirewa sai in wanke hannu in shafa fatar idon a hankali, ta sama in yi ƙasa da ita, ta ƙasa in yi sama, duk zuwa wajen gashin ido. Ba danna ƙwayar idon ake yi ba. Gani yakan ɗan dushe na 'yan mintuna, man ne da ya narke ya bazu. Daga nan sai goge bakin fatar. Na sayi fakitin ƙyallayen gogewa da aka yi don haka, suna da kyau, ba sa zafi, amma suna da tsada kuma nan da nan suke ƙarewa. Yanzu sai ranar da na yi kwalliyar biki nake buɗe ɗaya. Sauran darare auduga ce da ruwan da aka tafasa ya huce.

Abin da ake sawa cikin idon kuwa na gwada biyu. Na farko jel ne mai sinadarin carbomer, kashi 0.2 cikin 100. Yana da sanyi mai daɗi, dushewar ganinsa ba ta daɗewa, amma ni ba ya kai ni asuba, wajen tsakar dare in na juya sai in ji idon ya koma yadda yake. Na biyun shi ne man kwanciya, a ƙaramin bututu, wanda aka yi da paraffin mai laushi, dangin basilin amma an tace shi musamman don cikin ido, kuma babu sinadarin hana lalacewa a ciki. Ana jan fatar ƙasa da yatsa, a ɗaga ido sama, a matsa kamar tsawon ƙwayar shinkafa a cikin lungun, bakin bututun kada ya taɓa ido ko gashinsa. Sai a lumshe. Safiyar farko da na buɗe idona ba tare da na ji yana ɓamɓaruwa ba, na san wannan shi ne.

Sai dai a san da wannan: yana rufe gani sosai. Idan ka sa, babu karatu, babu waya, ko agogon bango ba ka tantancewa. Don haka na gyara jerin abubuwana, Tabaraka da addu'o'in kwanciya da saita ƙararrawa duk kafin man, shi ne na ƙarshe. Mai tashi tahajjud ta yi wannan lissafin, don za ta farka da sauransa a ido, sai ta wanke da ruwan ɗumi kafin ta iya duba Alƙur'ani. A sanyi yakan taurare, sai na riƙe bututun a tafin hannu ya ɗan saki. Yana ɓata rigar matashi. Wasu irinsa kuma suna da lanolin, man da ake samu daga ulun tumaki, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar sa, a duba kwali. Mai amfani da maganin ɗigawa ya fara ɗigawa, ya jira minti 5 zuwa 10, sannan ya sa man, in an juya ɗigon ba zai ratsa ba.

Fatar waje ita ce ta ci mini kuɗi a banza. Na sayi wani man shafa kewayen ido mai tsada, ƙaramin kwalba mai ƙamshi, aka ce yana cire baƙi. Zafi kawai ya yi mini, fatar ta ƙara ja. Likita da ta karanta jikinsa ta nuna mini akwai turare da wani sinadari mai suna retinol a ciki, ta ce duka biyun ba abokan fatar ido mai ɓarewa ba ne. Abin da ya gyara ta basilin ne fari, marar ƙamshi, ɗan kaɗan a kan yatsa, a shafa fatar tana da sauran danshi, ba tare da an kai shi layin gashin ido ba. Mu da ruwa ke taɓa fuskarmu sau biyar a rana, ga iskar hunturu na jira a waje, fatar nan ba ta samun hutu, shi ya sa bayan alwalar asuba ma nakan ɗan ƙara. Ina roƙon 'yan'uwa mata, mayukan bututu da ake haɗawa a man bilicin kada su kusanci ido. Yawancinsu suna da wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid, yana ƙara sirantar da fatar, yana kuma iya jawo hawan jinin ido.

Maganar kwalli ce ta fi yi mini nauyi. Mahaifiyata ta gan ni da fararen idanu ta ce, "Ke kuwa lafiya? Mu da kwalli muke kwana, shi ke wanke ido." Na ce, "Hajiya, likita ce ta ce in ɗan dakata." Na san matsayin kwalli a wurinmu, kuma ina son abina. Amma inda muke zizara shi, can cikin layin nan mai danshi, nan ne daidai bakin kafofin man. Sannan na kasuwa ba kowa ya san abin da ke cikinsa ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa, wanda aka kai daga Najeriya, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Tun da na karanta wannan na hana a sa wa jikata. Ni kuma in zan fita ina ja ta wajen gashin ido, in wanke kafin in kwanta.

Ɗakin ma sai da na taɓa. Na kawar da fanka daga saitin fuskata, turaren wuta na mayar da shi bayan magariba don hayaƙin ya fita kafin barci, maganin sauro na kunnawa kuma gidan sauro ya maye gurbinsa.

Sauƙin bai zo dare ɗaya ba. Mannewar asuba ta tafi da wuri saboda man, amma zubar hawayen rana sai da aka yi makonni ana ɗumamawa kafin ta ragu. Kuma ba warkewa ba ce ta har abada. Da na je biki Zariya na bar kayan a gida, kafin in dawo raɗaɗin ya fara leƙowa. Ranar da ƙura ta yi yawa har yanzu ina ɗiga ruwan jiƙa ido da ake kira hawayen roba a shago, irin na 'yan ƙananan robobi da ake yarwa bayan an buɗe, don likita ta ce mai ɗigawa fiye da sau huɗu a rana ya guji masu sinadarin hana lalacewa na benzalkonium chloride. Wannan tsari na bushewar ido ne kawai. Ciwo mai tsanani, ko ido ya kasa kallon haske, ko gani ya ragu, ko mugunya, wannan na asibiti ne a ranar. Mai ciwon suga, da wadda bakinta ke bushewa tare da ciwon gaɓoɓi, su faɗa wa likita, yana da alaƙa.

Wahalar da ta rage mini ita ce samun man kwanciyar. Ƙananan kemis na unguwa ba su cika ajiye shi ba, kana cewa man ido sai a miƙo maka tetracycline ko chloramphenicol. Waɗannan na kashe ƙwayoyin cuta ne, ba na sawa kowane dare ba. Wani kuma zai ba ka ɗigon da ke sa ido ya yi fari tas, wanda jan ke dawowa fiye da da idan ya sake ka. Yanzu da tsohon kwalin nake tafiya babban kantin magani, in duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, in kuma rubuta ranar da na buɗe a jikin kwalin, don yawancin magungunan ido mako huɗu ne bayan buɗewa, sai in takardar ciki ta faɗi wani wa'adin daban.