Berberine da cin nama zalla: abin da na'urar gwajin suga ba ta nunawa

Kwalbar da na gwada ta berberine ce, wani sinadarin tsiro da ake sha don rage sugan jini, miligiram 500 a kowace ƙwaya. Ana shan ɗaya kafin abinci, sau biyu ko uku a rana. Rarraba shan yana da dalili: ɗan kaɗan ne hanji ke tsotsewa, kuma ba ta daɗewa a jini. Wanda ya haɗiye uku lokaci guda, cikinsa ne zai sha wahala.

Tana aiki, amma ba yadda masu talla ke zuzutawa ba. Sugan safe kafin karin kumallo ya ɗan sauka, na bayan cin abinci ya rage tsalle. Kwanakin farko akwai kumburin ciki da gudawa, wasu kuma sai ta ɗaure musu ciki. Farawa da ƙwaya ɗaya tare da abinci yana sauƙaƙa wannan.

Inda ake yin ɓarna shi ne haɗa ta da cin nama zalla, wato nama da ƙwai da kitse, ba hatsi ba ganye. Tunda babu sitaci, dole suga ya faɗi, sai mutum ya ɗauka ƙwayar ce ta yi abin al'ajabi. Idan kuma yana kan insulin ko glibenclamide, magungunan ciwon suga, bai rage ba, abu uku ne ke danne sugan a lokaci ɗaya. Da ya sauka ƙasa da 70 mg/dL sai rawar hannu da zufa mai sanyi da ruɗewa. Masu shan empagliflozin ko dapagliflozin, su ma magungunan ciwon suga, haɗarinsu ya fi haka: ketone, sinadarin da jiki ke samarwa idan yana ƙona kitse, na iya taruwa har jini ya yi tsami, alhali na'urar tana nuna lamba mai kyau. Amai da numfashi sama-sama a wannan halin, asibiti kai tsaye.

Na'urar ba ta faɗin komai kan kitsen jini. Mutane da yawa LDL ɗinsu, wato mugun kitsen jini, yana tashi sosai a kan wannan abincin. Ga rashin harza, ga ƙarancin bitamin C, ga jan nama da kayan ciki da ke tayar da ciwon gaɓoɓi ga mai yawan uric acid. Jirin makon farko kuwa gishiri ne da ruwa da ƙoda ke zubarwa idan insulin ya ragu.

Mai son gwadawa ya canja abu ɗaya tak, ko ƙwayar ko abincin. Ya auna HbA1c da kitsen jini da aikin ƙoda kafin ya fara, ya maimaita bayan wata 3, don HbA1c matsakaicin sugan kusan wata 3 yake nunawa. Mai ciki da mai shayarwa su nisanci berberine, tana iya tsananta shawara ga jariri. Mai shan cyclosporine, maganin danne garkuwar jiki, ma haka, saboda tana hana hanta sarrafa shi, sai ya taru a jini.

Wani abin da ban ji daɗinsa ba: a Amurka hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ba ta tantance irin waɗannan ƙwayoyi kafin su shiga kasuwa, don haka 500 ɗin da ke jikin kwalba alƙawarin kamfani ne kawai. A nemi wadda wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya buga wa hatimi.